Intel ko AMD: Kafin Ɗan Zango Ya Kwance Lalitarsa



A da, idan gardama ta kaure tsakanin samarin Nima da na Mamobi, da wuya ta wuce ta Hearts of Oak da Asante Kotoko. Yau wata sabuwa ta samu wurin zama a majalisun shayi: wace ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ta fi, ta Intel ko ta AMD? Da gardamar ta tsaya a bakin samari, da sai mu bar su da abinsu. To amma kuɗin da ake sayen na'urar galibi ba nasu ba ne. Ko dai gumin uba ne, ko adashin uwa, ko kuma aiken ɗan'uwa da ke fama da sanyin Jamus ko Amurka. Tunda dukiyar gida ce ake kashewa, wajibi ne masu gida su san abin da ake saya musu.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira furosesa, wani ɗan ƙaramin abu ne da bai cika tafin hannu ba, amma duk lissafin da na'urar ke yi ta cikinsa yake bi. Kamfanoni biyu ne na Amurka suka mamaye kasuwarta: Intel da aka kafa a 1968, da AMD da aka kafa a 1969. Intel ya daɗe yana jan zarensa, har sunansa ya zama tamkar tambarin nagarta a idon mutanenmu, sai a 2017 AMD ya fito da jerin Ryzen, gasar ta koma kan-kan-kan. Don kada maganar ta tafi a iska, bari in ɗauki biyu daga cikin waɗanda mai matsakaicin ƙarfi zai iya kaiwa gare su: Ryzen 5 5600G na AMD, wanda ya fito a 2021, da Core i5-12400 na Intel, wanda ya fito a farkon 2022.

A takarda kamar tagwaye suke. Kowanne yana da cibiyoyin aiki 6, wato kamar shago mai ma'aikata shida, kuma kowane ma'aikaci yana iya riƙe aiki biyu a lokaci guda, ya zama layin aiki 12. Iyakar saurin da aka rubuta wa kowannensu gigahaz 4.4 ne, kuma duka biyun an ajiye su a ajin wat 65. Wanda ya tsaya a nan zai ce jirgi ɗaya ya kwaso su. Bambancin yana bayyana ne idan aka ɗora musu kaya.

Mu fara da wasa, tunda shi ne abin da ke zuciyar samari ko da bakinsu bai faɗa ba. Yaron da ya tashi a unguwar da ta haifi Mohammed Kudus ba abin mamaki ba ne ya so ya murza ƙwallo a allo da sunan ɗan unguwarsu. Wasan kwamfuta hoto yake ci, kuma hoto yana da ma'aikacinsa na dabam. Dukkan ƙwaƙwalen biyu suna ɗauke da ɗan sashen zana hoto a cikinsu, sai dai na AMD, wato Radeon, ya yi wa na Intel, wato UHD 730, fintinkau. Da 5600G kaɗai, ba tare da ƙarin katin hoto ba, ana iya buga wasanni da dama idan an rage ƙyallin hoton. Da 12400 kaɗai kuwa, wasanni masu nauyi sai su riƙa tafiya suna tsayawa kamar tsohuwar mota a hawa. Sharaɗi ɗaya ne: sashen hoton AMD yana aron ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, wadda ake kira ram, saboda haka a sa masa sanduna biyu masu giga 8 kowanne. Wanda ya sa sanda ɗaya mai giga 16 ya ɗaure wa dokinsa ƙafa ɗaya.

Amma idan akwai kuɗin sayen katin hoto na musamman, sai reshe ya juye da mujiya. A nan 12400 ke shiga gaba, domin kowace cibiya tasa ta fi saurin gama aiki, kuma ƙofar da yake magana da katin ta fi faɗi. Shi 5600G an rage masa ma'ajiyar cikinsa zuwa mega 16 don a samar wa sashen hoto wuri, ƙofarsa kuma ta tsohon ƙarni ce. Sai dai katin hoto mai kyau sau da yawa ya fi ita kanta ƙwaƙwalwar tsada, kuma yana shan wuta fiye da ita. Duk wanda ke sa wa mita kati da hannunsa ya san ma'anar wannan magana a ƙarshen wata.

Sai batun aiki, wanda a wurina shi ne kan gaba. Zango gari ne na hidima: ɗaurin aure, suna, Maulidi, walimar saukar karatu, tarbar alhazai. Kowace hidima tana bukatar katin gayyata, da kalanda, da hoto, da bidiyo, kuma 'ya'yanmu ne ke wannan sana'a suna ci da kansu. Ga mai buga takardu, da mai riƙe lissafin shago, da malamin da ke tsara jarrabawar makarantar Islamiyya, da ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja, duka biyun sun isa har sun yi saura, kuma ba zai taɓa jin bambanci a hannunsa ba. Wanda zai ji shi ne mai tace bidiyo. Intel yana da wani sashe mai suna Quick Sync da ke hanzarta sarrafa bidiyo, kuma manhajojin da masu wannan sana'a ke amfani da su sun saba da shi. Wanda ya yi wa amarya alkawarin bidiyonta kafin baƙi su watse, sa'a guda da ya rage kuɗi ce. A kula da abu ɗaya: akwai 12400F, mai harafin F a ƙarshe. Shi ba ya da sashen hoto sam, kuma ba zai nuna komai a allo ba sai an haɗa shi da kati. Ya fi araha, shi ya sa ake yawan tura wa wanda bai sani ba.

To ina riba? Ba a auna ta da farashin ƙwaƙwalwa ita kaɗai, kamar yadda ba a auna kuɗin aure da sadaki kaɗai. Kowace ƙwaƙwalwa tana da irin babban allon da take zama a kansa. Mazaunin AMD, wato AM4, yana kasuwa tun 2016, saboda haka allunansa sun yawaita, sababbi da na hannu, kuma mai gyara ba ya shan wahalar samo madadi. Na Intel, wato LGA1700, ya fi sabunta, yana kuma karɓar ram na tsohon ƙarni ko na sabo gwargwadon allon da aka zaɓa. Kayan nan duk da dala ake shigo da su, kuma wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022 ya san farashin jiya ba hujja ba ne a yau. Don haka a nemi jimillar kuɗin na'urar gaba ɗaya a rubuce, daga shago biyu ko uku, kafin a yanke shawara.

Ra'ayina a fili yake. Gidan da ke son kwamfuta ɗaya ta karatu da aikin ofis da ɗan wasan yara, kuma ba shi da niyyar sayen katin hoto, ya ɗauki 5600G. Wanda bidiyo ne abincinsa, ko yake da ƙarfin sayen kati, ya ɗauki 12400. Kuɗin da ya rage kada a kashe shi wajen fitilu masu launi. A sayi ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, da na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Mun ga shekarun dumso na 2014 da 2015, mun san abin da dawowar wuta da ƙarfi ke yi wa kayan lantarki. Ƙurar hunturu da zafin ɗakunanmu masu rufin kwano su ma ba sa tambayar sunan kamfani kafin su toshe fanka.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan gardama nauyi. Mafi yawan mutanenmu ba sabuwa suke saya ba. Ta hannu suke nema, irin wadda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a baza a shagunan Tip Toe Lane da kewayen Circle. A can sunan i7 ya zama kamar laya: da an ambace shi sai mai saye ya daina tambaya. Alhali i7 aji ne kawai, shekarun haihuwa kuwa suna cikin lambar da ke biye da shi. Wanda aka rubuta wa 4770 ɗan ƙarni na huɗu ne, na 2013. Mai lamba 7700 ɗan ƙarni na bakwai ne, na 2017, cibiyoyinsa huɗu, kuma ƙaramin i3-12100 na 2022 ya fi shi sauri. Rawani ba ya mayar da tsoho yaro.

Wannan lamba tana da muhimmanci yanzu fiye da kowane lokaci. Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ya karɓar mafi yawan ƙwaƙwalen Intel da ke ƙasa da ƙarni na takwas, haka nan Ryzen na farko. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke irin waɗannan na'urori, kuma mun san gaɓar tekun da suke nufa. An rushe kasuwar tarkacen Agbogbloshie a Yulin 2021, amma kwararar tsofaffin kayan ba ta tsaya ba. Ba na cewa tsohuwar kwamfuta ba ta da amfani. Tana iya yi wa makarantar allo hidimar shekaru. Abin da nake cewa shi ne a saye ta da farashin tsohuwa, da sanin cewa tsohuwa ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, zalunci shi ne a sayar masa da ita da sunan ƙwarya.

A nan nake kira ga 'ya'yanmu masu shaguna da masu gyara. Mun karanta a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Wannan hukunci bai tsaya kan raƙumi da goro ba. Idan dattijuwa ta zo da kuɗin adashinta tana neman kwamfuta don jikanta, amana ce a faɗa mata shekarar na'urar da abin da ba za ta iya yi ba. Kakanninmu fatake sun kafa zangonnin ƙasar nan, tun daga Salaga har Ankara, da jarin da ya fi kuɗi, wato a yarda da maganarsu.

Samari kuma, ku faɗa wa iyayenku gaskiyar niyyarku. Idan wasa kuke so, ku ce wasa ne, a zauna a yi masa iyaka da lokaci, kada ku kira katin hoto kayan karatu don a biya. Iyaye su ma kada su yi cinikin biri a sama. A kunna na'urar a gabanku, a buɗe shafin bayananta, a karanta lambar ƙwaƙwalwar da ido, a rubuta ta a rasit tare da wa'adin garanti. Wanda bai iya karantawa ba ya tafi da wanda ya iya, babu kunya a cikin wannan.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya shirya mana zuriya, ya tsare dukiyar talaka daga asara.