Bawul Ɗin Rijiyar Mai da Samarin Awe

Duk wanda ya san tarihin fatauci a ƙasar Hausa ya san sunan Awe. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke gangarowa daga Arewa su sayi gishirin da matan Awe da Keana da Azara suke dafawa. Matan nan su kan kankare ƙasar fadamar da ruwan gishiri ya jiƙa, su tace ta cikin tukwane, sa'an nan su dafa ruwan har ya ƙone ya bar gishiri. Masana duwatsu sun ce asalin wannan ruwa teku ne, wanda ya malalo ya cika kwarin Binuwai kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Inda kuwa tsohon teku ya kwanta ya bar laka mai kauri, nan masu neman man fetur su kan sa ido.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Kamfanin Mai na Ƙasa, watau NNPC, ya fara haƙa rijiyar bincike mai suna Ebenyi-A ran 28 ga watan Maris, 2023, a Ƙaramar Hukumar Obi, maƙwabciyar Awe, wata huɗu bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a kan iyakar Bauchi da Gombe. Ita rijiyar bincike tambaya ce ake yi wa ƙasa, tana iya amsawa, tana kuma iya yin shiru. Amma Awe ta riga ta sa hannu cikin sana'ar tun da daɗewa, ko da yake mutane da yawa ba su sani ba: dutsen barayit mai nauyi da ake haƙowa a Azara, shi ake niƙawa a dama cikin lakar haƙa rijiya domin ta danne mai da iskar gas kada su yi tsartuwa.

To, abin tambaya shi ne, in Allah ya sa an dace, wane aiki 'ya'yan ƙasar za su samu? Tun da aka tarar da mai a Oloibiri cikin 1956, kukan da garuruwan kudu masu mai suka daɗe suna yi shi ne, gadi da sharar daji da dako ne rabonsu, aikin gwaninta kuwa sai a kawo mai yinsa daga nesa. Ɗaya daga cikin ayyukan gwanintar nan shi ne saita na'urar lantarki da ke buɗe bawul da rufe shi, kuma ya kamata mai karatu ya san yadda yake, domin rayuka sun rataya a kansa.

Bawul dai ƙofar bututu ne, kamar kan famfon gida. Bambancin shi ne girma da matsi. Bututun iskar gas da aka fara shimfiɗawa cikin 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano faɗinsa inci 40 ne, tsawonsa kilomita 614, kuma bawul ɗin da zai toshe irin wannan bututu ya fi ƙarfin ƙato guda ya murɗa shi cikin gaggawa. Don haka a kan ɗora masa injin lantarki da haƙoran ƙarfe masu juya shi, da wata 'yar ƙwaƙwalwa mai karɓar umurni daga ɗakin kula da aiki, wanda watakila yana can nesa da tafiyar yini. Kamfanoni irin su Rotork na Ingila da AUMA na Jamus sun shahara wajen ƙera su. Sai dai na'urar tana fitowa daga masana'anta ba ta san bawul ɗin da za a aura mata ba. Sai an koya mata.

Abu na fari, a nuna mata wajen da za ta juya in an ce rufe, wanda bisa al'ada shi ne yadda hannun agogo ke tafiya. Sa'an nan ma'aikaci ya kama sitiyarin hannu ya murɗa bawul har ya rufu sarai, ya sa na'urar ta riƙe wurin a matsayin iyakar rufewa, ya kuma yi haka wajen buɗewa. In ya yi ganganci ya tsaya kafin bawul ya zauna, allon ɗakin kula zai nuna a rufe yake alhali mai na tsiyaya ta ciki, makaniki kuwa ya zo ya kwance bututu a gaba da zuciya ɗaya.

Daga nan sai ƙarfin murɗi. A kan sa wa injin iyakar ƙarfin da zai yi amfani da shi, in ya kai nan ya tsaya da kansa. In an sa iyakar ta yi ƙasa, ranar da yashi ko tsatsa ya ɗan riƙe bawul sai injin ya saki aiki a tsakiyar hanya. In kuma an cika ta, sai ya lanƙwasa sandar bawul ko ya farfasa mazauninsa. Akwai wata mummunar ɗabi'a ta waɗansu ma'aikata, da zarar bawul ya cije sai su ƙara ƙarfin har ƙarshe su tafi, maimakon su binciki abin da ya riƙe shi. Wannan daidai yake da wanda jakinsa ya tsaya don ƙaya ta soke shi, shi kuwa ya ƙara masa sanda. Haka nan saurin rufewa ma a kan auna shi. Mai da ke gudu cikin bututu yana da nauyi, in aka datse shi farat ɗaya sai ya doki bututun da ƙarfin da zai iya tsage shi. Wanda ya taɓa jin famfon gida ya yi ƙara sa'ad da aka rufe shi da sauri, ya ji ƙanen wannan.

Yadda umurni ke zuwa ta waya kuwa akwai hikima a ciki. A mafi yawan wurare ana amfani da ɗan siririn lantarki tsakanin miliamfiya 4 da 20: galibi 4 na nufin a rufe, 20 a buɗe duka, 12 kuwa rabi. Me ya hana a fara daga sifiri? Dalili shi ne, in waya ta tsinke ko ɓera ya ci ta, lantarkin zai faɗi zuwa sifiri, na'urar kuma nan take za ta gane ba umurni ba ne, ɓarna ce ta auku. A nan ne babbar shawara take: me bawul zai yi in ya daina jin ɗakin kula? Ya rufe, ko ya buɗe, ko ya tsaya inda yake? Amsar ba ɗaya ba ce. Bawul ɗin bakin rijiya rufewa ake so ya yi. Amma wanda ke sakin iskar gas zuwa dogon bututun da ake ƙona ta, don a rage matsi lokacin haɗari, buɗewa ake so ya yi. Bugu da ƙari, injin lantarki in wuta ta ɗauke tsayawa yake yi cik inda yake, sai fa in an haɗa masa batir ko wani ƙarfe mai naɗi da zai tura shi. A ƙasar da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, wannan ba maganar da za a bari sai daga baya ba ce.

Cikin watan Satumba, 2010, bututun iskar gas ya fashe a garin San Bruno na ƙasar Amurka, mutum 8 suka rasu. Sai da aka yi minti 95 kafin a tsai da iskar, domin bawul ɗin wurin na hannu ne, sai da ma'aikata suka je da ƙafarsu. Amma wanda ya fi wannan muni shi ne na dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa, ran 6 ga watan Yuli, 1988. Ma'aikatan rana sun cire bawul ɗin kariya daga wani injin turawa don gyara, suka toshe gurbin da murfi, takardar da ta faɗi haka kuwa ba ta kai ga idon ma'aikatan dare ba. Da ɗaya injin ya tsaya sai suka ta da wanda ake gyara. Mutum 167 suka halaka. Shi ya sa a wurin da aka san aiki, duk lambar da aka saita sai an rubuta ta an sa hannu, an kulle na'urar da kalmar sirri, an kuma gwada bawul daga ɗakin kula ana kallonsa da ido kafin a ce an gama. Na zamani ma ba a buɗe murfinsu, don kada tartsatsi ya haɗu da iskar gas ko danshin damina ya shiga. Daga waje ake saita su da wata 'yar na'ura mai kama da ta canja tashar talabijin.

Duk abin da aka zana a sama babu wanda ya fi ƙarfin yaron da ya riƙe lissafi da kimiyya a sakandare. Akwai Makarantar Koyon Aikin Man Fetur a Effurun kusa da Warri tun farkon shekarun 1970, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya a garin Nasarawa, akwai ta Jiha a Lafiya, kuma dokar 2010 ta wajabta wa kamfanonin mai su fifita 'yan ƙasa wajen ɗaukar ma'aikata. Sai dai doka ba ta iya ɗaukar wanda bai koya ba, koyon kuwa yana cin shekaru. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Awe da masu hannu da shuni na ƙasar su zaɓi yara maza da mata su biya musu kuɗin karatun lantarki da na'urorin awo tun yanzu, Gwamnatin Jiha kuma ta sayi ko da bawul biyu ne da injinansu ta ajiye a ɗakin koyon aiki na Lafiya, domin sana'a ce da ba ta shiga kai sai ta bi ta hannu. Ko da rijiyoyin kwarin Binuwai sun yi jinkiri, irin waɗannan na'urori ne ke aiki a gidajen ruwa da masana'antun siminti da na sukari, ga kuma gonar raken Kamfanin Dangote nan a Tunga, cikin ƙasar Awe ɗin kanta.