Kuɗin Mota Ba Ya Ƙarewa Ranar Saye

Burin magidanta da yawa a Nijeriya shi ne su mallaki ƙaramar mota mai ƙofa huɗu, wadda za ta kai yara makaranta, ta kai uwargida kasuwa. Buri ne mai kyau. Sai dai a ganina, kafin mutum ya tambayi farashin mota, ya kamata ya fara tambayar abin da za ta riƙa ci a kowane wata.

Abu na farko shi ne fetur. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Lita ɗaya da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce naira 1,000. A ce mota tana cin lita ɗaya a kilomita 10, mai ita kuma yana tafiyar kilomita 30 kullum. Ke nan zai sayi lita 90 a wata, ko da bai yi doguwar tafiya ba.

Bayan fetur akwai juyen baƙin mai, wanda makanikai ke so a yi bayan kimanin kilomita 5,000. Akwai taya, da batir, da birki, da sabunta takardu kowace shekara. Inshorar da doka ta wajabta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023.

Saboda haka, mota mai araha ta gaskiya ita ce wadda gyaranta ke da sauƙi. Wannan ne ya sa Toyota Corolla ta karɓu, kamar yadda Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna ta karɓu a da. Ana samun kayan gyaranta a Ladipo ta Legas, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma da wuya a sami makanikin da bai san injinta ba. Wata motar kuwa za a saye ta da rahusa, amma ƙaramin ƙarfe ya ajiye ta wata guda a gareji.

Wasu za su ce hawa motar haya ya fi sauƙi, kuma sau da yawa gaskiyarsu ne. To amma wanda ɗansa ya taɓa kamuwa da zazzaɓi da tsakar dare ya san amfanin mota a ƙofar gida. Tana rage ɓata lokaci, tana kuma kare yara daga haɗarin babur.

Shawarata ita ce, magidanci ya rubuta waɗannan kuɗaɗe a takarda, ya gwada su da albashinsa. Idan za su taɓa kuɗin abinci ko na makaranta, to ya dakata tukuna. Hausawa sun ce, daidai ruwa daidai tsaki.