Gidan Ɗan Hausa da Zafin Watan Afrilu

A unguwar Nasarawa ta Kano, yankin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa ma'aikatansu bayan sun ci birnin a 1903, akwai wani gidan ƙasa da ya haura shekara ɗari yana tsaye. Shi ne Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, wanda kuma ɗaliban Hausa suka sani saboda ƙa'idojin rubutun boko da ya fitar a 1912. Duk wanda ya shiga gidan nan da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, zai ji wani sanyi-sanyi ya tarye shi tun daga bakin ƙofa. In kuwa ya fito ya shiga ɗaya daga cikin sababbin benayen unguwar, aka yi rashin sa'a babu wuta, ba zai yi minti goma ba sai gumi ya jiƙa masa riga. Gidan farko magina ne suka yi shi da tubali da azara. Na biyu kuwa sai da masu digiri suka sa hannu a takardarsa. To, ina aka sami tangarɗa?

Amsar tana cikin matakan da injiniyoyi da kansu suke koyarwa. A ƙa'idar aikinsu, ba a fara ƙirƙirar abu da zane. Ana farawa ne da tantance matsalar da ake son magancewa, a auna sharuɗɗan wurin, wato yanayi da kayan aiki da ƙarfin aljihun mai amfani da abin. Bayan nan ne ake kawo dabaru, a zaɓi ɗaya, a gwada, a ga inda ta gaza, a koma a gyara. Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Matakin farko shi ne uwa, amma shi ne aka fi tsallakewa, domin ba ya fitowa a hoto.

Maginin Hausa bai karanta waɗannan matakai a littafi ba, amma aikinsa ya nuna ya bi su. Matsalarsa rana ce mai ƙuna, da ruwan sama mai ƙarfi na 'yan watanni, da gara. Sai ya yi bango mai kauri, mai faɗi daga ƙasa yana tsukewa zuwa sama. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, don haka kafin zafin rana ya ratsa bangon ya kai ciki, yamma ta yi. Ya rage girman taga, ya ɗaga ta sama. Ya zaɓi azarar giginya domin gara ba ta cika cin ta ba. Da ya lura cewa azara kan lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasa idan tazara ta doshi mita biyu, bai haƙura da ƙaramin ɗaki ba, sai ya riƙa jera ta hawa-hawa yana ɗaurewa, har ya fitar da bakan gizo da ke ɗauke rufin babban soro. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. Ruwa kuma aka yi masa indararo mai tsawo don kada ya zubo a gindin bango, aka shafe gini da makuba daga ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima. Ba a dare ɗaya aka gano waɗannan ba. Sai da soraye suka rushe, aka gane kuskure, aka gyara.

Sabon gini a Nasarawa yakan fara ne daga hoton da mai gida ya gani a Dubai ko a intanet. Za a kafa bangon bulo mai rami, a rufa da kwano, a fuskantar da faffaɗan gilashi yamma, inda rana ta fi duka. Manyan filayen da a da suke cike da darbejiya an yanka su gida-gida, an sare itatuwan, an malale tsakar gida da siminti, ƙasa ba ta shan ruwa, ba ta kuma huce zafi. Zanen irin wannan gida ya dogara ne kan zato guda, cewa wutar lantarki ba za ta yanke ba, na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta aiki. Duk mazaunin Kano ya san matsayin wannan zato. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ciyar da janareta ya zama wani nauyi na daban, sannan a Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wuta ga rukunin da ake kira Band A naira 225 kan kowane ma'auni, sama da ninki uku. Kuskuren da aka yi a kan takarda cikin mako guda, iyali ne za su yi ta biyansa duk wata. Maƙwabta ma suna da nasu rabon na hayaƙi da ƙara.

Ba wai ginin ƙasa ba shi da aibu ba ne. Yana son yaɓe a kai a kai, kuma in aka yi sakaci da rufinsa, ruwan Agusta kan kawo shi ƙasa, wani lokaci har da asarar rai. A tsakiyar bazara kuma, zafin da bangon ya tara da rana yakan fito da dare, shi ya sa ake kwana a tsakar gida. Wanda ya ce a koma gidan jiya kacokan bai yi wa mutane adalci ba. Sai dai a tsarin injiniya, gazawar da aka gano wurin gwaji ita ce abin da ake zama a gyara. A nan kuwa da siminti ya iso, sai aka watsar da dabarar gaba ɗaya, har ginin ƙasa ya zama alamar talauci.

Wasu sun yi wannan gyara, kuma ba a nesa ba. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka matse da ɗan siminti, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi daraja a fagen zanen gini. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da irin wannan tubali, suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, kuma tare da maginan garin aka yi aikin.

Kano ba ta rasa jar ƙasa ba, ba ta rasa magina ba, kuma Jami'ar Bayero tana yaye injiniyoyi duk shekara. Ya kamata hukumar tsara birane ta jihar ta riƙa neman bayanin yadda gida zai kasance in babu wuta kafin ta amince da zanensa, kamar yadda take duba ƙarfin ginshiƙi. Su kuma malaman da ke koyar da zane, su kai ɗalibansu Gidan Ɗan Hausa da ma'aunin zafi a hannu, ƙarfe biyu na rana, su auna ciki su auna waje, sannan su tsallaka su auna benen da ke kusa.