Rigimar Haƙƙin Ƙirƙira a Kasuwar Intanet

A Amurka, duk wanda ya ƙago wani abu sabo, gwamnati kan ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira, ba mai amfani da abin sai da izninsa har shekara 20. Manufar dokar mai kyau ce, don kada wani ya yi noma wani ya girbe. Amma a kasuwar intanet dokar ta zama abin kai ƙara.

A 1999 kamfanin Amazon ya sami takarda a kan dabarar sayen kaya da danna maɓalli sau ɗaya, nan da nan ya kai abokin hamayyarsa Barnes & Noble kotu, aka hana shi amfani da irinta ana tsakar cinikin Kirsimeti. Shi kansa Amazon ɗin, a 2005 sai da ya biya dala miliyan 40 ga wani kamfani mai suna Soverain, wanda ya sayi takardun wasu ya riƙa iƙirarin shi ke da kwandon zuba kaya na intanet. Kamfanin Newegg ne ya ƙi biya, ya daure da shari'a har kotun ɗaukaka ƙara ta soke iƙirarin a 2013.

Sai shari'ar DDR Holdings. Dabarar da ake gardama a kanta ita ce: in mai saye ya danna tallan wani ɗan kasuwa, kwamfuta ta haɗa masa sabon shafi nan take, mai kama da wanda yake ciki, da kayan ɗan kasuwar, don kada ya bar wurin. A Disamba 2014 alƙalai biyu suka tabbatar da takardar. Na ukun ya ƙi, ya ce wannan daidai yake da mai rumfa ya ba wani gefe ya baza hajarsa. Wata shida kafin nan, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ɗora tsohuwar dabara a kan kwamfuta ba ƙirƙira ba ce.

Babban kamfani yana da kuɗin lauya. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa biya yake yi ko da gaskiya na wurinsa, a ƙarshe kuɗin ya hau kan mai saye.

Akwai darasi ga Nijeriya. Dokar 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken ko abu sabo ne ba, takardun neman kawai yake dubawa. Yanzu da ciniki ta intanet ke bunƙasa, wajibi ne Majalisar Tarayya ta gyara wannan, a horar da masu bincike tun kafin rigimar ta iso. Rigakafi ya fi magani.