Tafiyar Amarci Da Ƙaramin Ciki: A Biyo Ta Wajen Awo Tukuna



A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo mana, wadda a da sai a birni ake jin labarinta, yanzu kuwa ta iso har garuruwanmu na Gaya da Ajingi. Wato idan an gama biki da wata ɗaya ko biyu, sai ango mai hali ya ɗauki amaryarsa su tafi Umara, wasu kuma su nufi Dubai ko Alƙahira a ci amarci a can. Ni ban ga laifin wannan ba, wanda Allah Ya hore wa ya yi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shirin tafiyar. Za a yi mako uku ana zirga-zirga tsakanin ofishin fasfo da wajen ejan, a nemi masauki kusa da Harami, a ɗinka abaya kala biyar, amma ba wanda zai ce bari mu biya ta asibiti. Alhali amaryar da ta yi wata biyu a ɗakinta, sau da yawa ba ita kaɗai za ta hau jirgin ba.

Na san dalili. Cikin fari abin kunya ne a wajenmu, yarinya ba ta iya buɗe baki ta gaya wa uwarta, balle uwar miji. Wata kuma tsoron bakin mutane take yi. To amma unguwarzoma ba maƙwabciya ba ce, abin da kika gaya mana a ɗakin awo a nan yake tsayawa.

Bara an kawo mini wata yarinya daga wani ƙauye a yankin Ajingi, kwana biyu da saukarsu. Da takalmin lefe mai tsini ta tafi, sabo fil, ya ciccije ta tun a ranar farko har dundunenta ya yi bororo. Sai ta koma silifas ɗin wanka, shi kuma ya kwashe ta a kan tayil mai ruwa ta faɗi zaune. Ana cikin haka ta ci shinkafar da ta kwana a leda, gudawa ta sarƙe ta kwana uku. Da ƙarin ruwa muka tare ta. Cikin dai ya tsaya, mun gode Allah. Na ce mata, "Ƙanwata, me ya hana ki zuwa kafin ku tafi?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, kunya nake ji." Wannan kunyar ta kusa jawo mata asara.

Ra'ayina a kan lokacin tafiya shi ne, idan gwaji ya nuna akwai ciki kuma bai kai wata uku ba, a ɗaga tafiyar. Ba wai jirgi ne ke zubar da ciki ba, a'a. Amma yawancin ɓari a makonni 12 na farko yake faruwa, haka ma cikin da ya zauna a wajen mahaifa a lokacin yake bayyana, kuma shi idan ya fashe aikin gaggawa yake buƙata. Gara abin ya same ki kusa da likitan da ke jin yarenki da dangin da za su ba ki jini. Ga kuma laulayi, mai amai safe da yamma wane daɗin amarci za ta ji? Lokacin da ya fi sauƙi shi ne daga mako 14 zuwa mako 28. Bayan mako 28 yawancin kamfanonin jiragen sama suna neman takardar likita, kuma galibinsu ba sa ɗaukar mace bayan mako 36, mai 'yan biyu kuwa bayan mako 32. Aikin Hajji maganarsa daban ce, domin hukumomin alhazai suna yi wa mata gwajin ciki kuma ba sa barin mai ciki ta tafi. Umara ce ba mai tambayar ki, shi ya sa nauyin ya dawo kanki da mijinki.

Akwai kuma allura. Rigakafin sanƙarau da Saudiyya ke nema ana yin sa aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma ana iya yi wa mai ciki. Na cutar shawara shi ne ba a cika yi wa mai ciki ba sai likita ya auna ya ga dole. Don haka ki faɗa wa mai yin allurar kin yi ɓatan wata kafin ki miƙa hannu. Wadda ta taɓa yi ta nemo katinta, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rayuwa.

Yanzu maganar takalmi, wadda na san wasu za su ce ta yi ƙanƙanta a rubuta ta a takardar asibiti. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3. Ba a lissafa ɗawafi ba, ba a lissafa zuwa masallaci da dawowa masauki sau biyar a rana ba. Amaryar da tun da aka kai ta ɗaki ba ta taka ko ƙofar gida ba, ita za ta yi wannan tafiya. Ƙafar mai ciki kuma ba irin ta da ba ce: ruwan jiki yana ƙaruwa, jijiyoyin gaɓoɓi suna saki, ƙafa takan kumbura da yamma, har lambar takalmi takan canza. Nauyi kuma ya koma gaba, tuntuɓe kaɗan sai faɗuwa.

Saboda haka mai tsini ya zauna a akwati ya jira ranar suna. Silifas ɗin roba mai santsi shi ma bai dace ba. A nemi kambas ko sandal mai maɗauri a baya, mai taushin ciki, wanda ƙasansa ke da zane mai kama ƙasa, gabansa kuma da faɗin da yatsu za su sake. Ki je kasuwa da ƙafarki, kada ki aiki ango da lamba, kuma ki gwada da yamma lokacin da ƙafa ta fi cika. Sannan ki yi ta sa shi a tsakar gida mako biyu kafin tafiya. A cikin masallaci, inda ake cire takalmi, safa mai ɗigon roba a ƙasa tana hana zamewa, kuma mace ba a hana ta safa ba ko tana cikin harami. Idan kin gaji akwai keken turawa, hawansa ba gazawa ba ce. Sassarfar da ake yi tsakanin korayen fitilun nan ma ta maza ce.

A cikin jirgi, daga Kano zuwa Jidda ya haura awa huɗu, bayan zaman mota daga Gaya ta Wudil zuwa filin jirgi da zaman jira. Jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa a jijiyar ƙafa idan ta daɗe zaune. Ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina takawa duk bayan awa ɗaya, kina jujjuya idon sawu, kina shan ruwa. Bel kuma a ƙarƙashin ciki ake ɗaura shi.

Wajen cin abinci ba sunan gidan nake so ku duba ba, ko yawan fitilunsa. Ku duba inda jama'a ke layi, tukunya na ƙarewa ana ɗora wata, abinci ya zo gabanki yana tururi. A Makka akwai 'yan uwanmu Hausawa da suka daɗe a can suna sayar da tuwo da miyar kuka, kuma na san mai laulayi ranta zai fi kwanta musu fiye da shinkafar Larabawa. Babu laifi, in dai da zafinsa. Abin da za a guje wa shi ne wanda aka ƙulla a leda tun safe yana yawo a rana, da ɗanyen ganye na salak, da ƙwai mai ruwa-ruwa, da naman shawarma da bai gasu ba, da ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba. Nonon raƙumi da ake tatsa a bakin hanya ana miƙa wa masu ziyara, don Allah a bar shi. Ɗanyen nono yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa doguwar masassara, sannan cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 tana da alaƙa da raƙuma. Shayi da gahawa a rage, kada kuma a haɗa su da ƙwayar ƙarin jini, domin suna hana jiki ɗaukarta. Ruwa dai a sha sosai. A Hajjin 2024 mutane fiye da 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi, kuma mai ciki tana saurin galabaita. A bar fita da tsakar rana.

Idan gudawa ta kama ki, ruwan gishiri da sukari na fakiti shi ne farko, ki tafi da shi daga gida. Kafson nan ja da rawaya da muka saba saya a kemis bai halatta ga mai ciki ba, yana taɓa ƙashi da haƙoran jariri. Idan kuwa kika ga jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko fuska da hannaye sun kumbura tare da ciwon kai da ganin dishi-dishi, asibiti za a nufa nan take, ba a jira sai an dawo gida.

Malam ango, kai ke riƙe da tikiti, kai za ka iya ɗaga shi. Hajiya uwar miji, ke ma kin taɓa yin wannan kunyar, ki saka baki a kawo ta ko ba ta ce komai ba. Ku zo mana da ranar tafiya da katin allura, mu auna jini da fitsari, a ɗauki hoton ciki, likita ya rubuta takarda. Katin awo ya shiga jakar hannu tare da fasfo. Takalmin ma a zo da shi, zan duba.