Sharhi: Maki 101 na Erik Karlsson da gardamar auna ƴan baya a wasan hoki

A Kanada da Amurka, inda wasan hoki na kan ƙanƙara ke da dubban masoya, har yanzu ana tafka muhawara kan yadda za a gane ɗan bayan da ya fi ƙwarewa. Lamarin Erik Karlsson, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna inda gizo ke saƙar.

A kakar 2022-2023 ta gasar NHL, Karlsson ya ci ƙwallo 25, ya taimaka aka ci 76 a ƙungiyar San Jose Sharks, jimilla maki 101. Rabon da wani ɗan baya ya kai maki 100 tun Brian Leetch a 1992. Ƴan jaridar da ke kaɗa ƙuri'a sun ba shi kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya, karo na uku bayan 2012 da 2015.

Masu suka sun riƙe wani alƙalami daban. A lissafin da ke kwatanta ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka zura mata lokacin da ɗan wasa ke fili, Karlsson ya ƙare da giɓin 26. A ganinsu, aikin ɗan baya shi ne tsare gida.

Sai dai wannan lissafi yana da rauni. Sharks ta yi nasara a wasa 22 kacal cikin 82, kuma kuskuren mai tsaron raga ko na abokin wasa duk a kan wanda ke fili ake rubuta shi. Har ƙwallon da aka jefa a ragar da ba kowa, bayan an cire mai tsaronta a ƙarshen wasa, ana ƙirga ta.

Shi ya sa masana alƙaluma suka koma ga ma'aunin Corsi, mai ƙirga duk harin da aka kai raga daga ɓangarorin biyu, da kuma ma'aunin da ke duba haɗarin kowane hari, irin wanda masu bin ƙwallon ƙafa suka sani. Waɗannan ma'aunai kan rage darajar ɗan bayan da ƴan kallo ke yaba wa saboda tare hari da jikinsa, domin yawan tarewa alama ce ta cewa ƙwallo ta daɗe a hannun abokan hamayya.

Batun ya wuce cacar baki. Tun 2005 NHL ta ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, kuma kwantiragin da Karlsson ya sa wa hannu a 2019 ya kai dala miliyan 92 na shekara 8. Ƙungiyar da ta bi son ran magoya baya ta ɗauki alƙalami ɗaya kawai, ko na maki ko na giɓi, za ta shafe shekaru tana biyan kuɗin wannan kuskure.