Mai Banki da Gandunsa

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Ingila, domin mu duba rayuwar wani attajiri mai suna Henry Hoare, wanda aka haifa a 1705. Kakansa maƙerin zinariya ne, shi ya kafa bankin gidansu a birnin Landan a 1672, bankin da har yau yake hannun zuriyarsu. Mahaifinsa kuwa ya sayi gandu a ƙauye, a yankin Wiltshire, a 1717, ya gina gida aka sa masa suna Stourhead.

Da Henry ya gaji wurin, sai ya riƙa kwaso ribar banki yana zubawa a ciki, musamman bayan rasuwar matarsa a 1743. Ya datse ruwan kwari ya yi tafki, ya dasa itatuwa, ya gina gada da soraye a bakin ruwa, har labarin lambun ya game ƙasa. To, amma wa zai gada? Ɗansa ya rasu a birnin Naples na Italiya a 1752, yana saurayi. 'Ya'yansa mata biyu ma suka riga shi. Kafin mutuwarsa a 1785 sai ya miƙa wa jikansa Richard gandun, bisa sharaɗin ya tsame hannunsa daga harkar banki, domin idan banki ya karye kada masu bin bashi su haɗa da gidan.

'Yan kasuwa, ku lura da wannan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba da bashi bai yarda a ɗaura gidan iyali a ƙafar ciniki ba. Mu kuwa sau nawa muka ga an jinginar da gidan gado don a ƙaro jari, daga baya marayu su kwana a waje?

Duk da wannan dabara, gadon bai ɗore ba. Mai gandun na ƙarshe daga zuriyar, wanda shi ma sunansa Henry, ɗansa guda ne tak, ya kuwa rasu a 1917 sakamakon raunin da ya samu a Yaƙin Duniya na Farko. A 1946 uban ya kyautar da gida da lambu ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi. Yau jama'a ke shiga suna shan inuwar itatuwan.

Ashe dai magaji ba shi da tabbas, kyauta ce ta raya wurin. Wannan kuwa ya yi kama da abin da muka sani da sunan waƙafi. Saboda haka, ɗan kasuwa da ma'aikacin da ke ginin gida a garinsu, kowa ya tambayi kansa tun yana da ƙarfi: wane ɓangare na dukiyata zai amfani jama'a bayan raina?

Allah ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa.